Kafin a Ce "Ba Shi da Guba", Wa Ya Gwada Ruwan Majema?

Mako biyu bayan Babbar Sallah na je Ƙauran Namoda gaishe da kawuna. Majemi ne ɗan majemi, kuma a irin wannan lokaci ba a samunsa a zaure sai a bakin kwatarniya, saboda fatun layya sun taru. Na tarar yana da baƙo, wani matashi mai ladabi da ya zo daga Kano da jaka cike da ƙullin wani gari ƙasa-ƙasa. Ya ce sunansa enzayim, kuma yana zubar da gashin fata ba sai an sa toka ko kabaid ba. Majema biyar ko shida sun kewaye shi suna murza garin da yatsa.

Yaron ya iya bayani, ban raina masa ba. Sai dai sau uku ina jin yana cewa, "Baba, wannan ba kemikal ba ne, abu ne na halitta, ba shi da guba ko kaɗan." Kawu ya bari har ya kai aya, sannan ya nuna masa kwatar da ruwan jima yake bi ya fita bayan gida, ya ce, "Na ji, ɗana. Amma ruwan da za ya bi nan in an ƙare, wa yag gwada shi?" Yaron ya ce ai kamfani ya gwada a Turai. Sai wani dattijo daga gefe ya ce, "Mu dai abin da munka gada bai taɓa kashe kowa ba. Bagaruwa ce da toka." Shi ke nan aka tashi, mai jaka ya rufe jakarsa, majema suka koma kan kartaji.

Na koma Gusau abin yana cina. Mutum biyu sun yanke hukunci a kan ruwa ɗaya, wannan ya ce nasa ba guba don na halitta ne, wancan ya ce nasa ba guba don na gado ne, kuma babu wanda ya taɓa ɗibar ruwan nan ko da cikin kwalba ya kai inda za a duba shi.

Matsayina shi ne wannan. Ina goyon bayan majemanmu su gwada enzayim, kuma ina da dalilan da suka sa nake ganin a wasu matakan jima zai fi abin da ake amfani da shi sauƙin ɓarna. Amma "na halitta" ba mudu ba ne, "na gargajiya" ba mudu ba ne, "kemikal" ma ba mudu ba ne. Kada a yabi wata hanya, kada kuma a hana wata, sai an auna ta a nan, da ruwanmu da zafin ranarmu, an kuma faɗa wa masu sana'ar sakamakon da Hausa. Wanda zai sayi gero a kasuwar Ƙaura ba ya karɓar buhu don mai shi ya rantse, sai an juye an sa tiya. Ban ga dalilin da zai sa ruwan da ke gangarawa kusa da rijiyoyinmu ya fi gero arha ba.

Mu a Zamfara ba mu da uzuri

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan na zo kan gubar dalma sai na ga wasu ɗalibai sun sunkuyar da kai, don daga yankin Anka ko Bukkuyum suke.

A farkon 2010 yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta tsaya a kan lamarin har aka gwada jinin yaran. Kafin nan ma agwagi sun fara ƙarewa a ƙauyukan, ba wanda ya kawo komai a ransa. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu na farko ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ba su gaza 400 ba.

Me ya kashe su? Ba wani abu da aka haɗa a masana'anta aka shigo da shi a jirgi ba. Dutse ne na ƙasarmu, wanda aka haƙo don zinariya aka niƙa a tsakar gida, a wasu wuraren ma da injin da ake niƙa hatsi. In ana maganar abu na halitta, babu abin da ya fi wannan dutse cancantar sunan.

Kuma abin da ya tona asirinsa awo ne. Ma'aunin da Amurka take bi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kashi 400 na dalma cikin miliyan. A wasu gidajen an sami sama da 100,000. Na'urar gwajin jini da aka fara zuwa da ita iyakarta 65, a lokacin da 10 kawai ake ɗauka abin damuwa, kuma yara da yawa jininsu ya wuce abin da na'urar take iya karantawa. Da aka zo aikin kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, har zuwa na Bagega a 2013, da na'urar hannu ake bi gida gida ana dubawa kafin a ce an gama.

Ido bai ga dalma ba, hanci bai ji ta ba. Na kawo wannan ba don in ce ruwan jima daidai yake da gubar dalma ba, ko kusa. Na kawo shi ne don jihar da ta binne yara masu yawa kafin ta san abin da ke cikin ƙurar tsakar gidanta bai kamata ta sake yarda da kalmar "ba guba" daga bakin kowa ba tare da lamba a takarda ba.

Garin nan ba baƙo ba ne a majema

Enzayim wani sinadari ne da jikin mai rai yake yi don ya hanzarta narkar da abu ko haɗa shi. Shi ne a cikin yawu yake sa tuwo ya fara zaƙi in an daɗe ana taunawa. Shi ne a ganyen gwanda yake sa nama ya yi laushi. Wanda ake sayarwa kuwa, ana kiwon ƙwayoyin halitta ne a manyan tankuna, a ciyar da su sukari, a tace abin da suka fitar a busar.

Abin da ya kamata a ce yaron nan ya faɗa wa kawu, kuma bai faɗa ba, shi ne majema sun fi shi daɗewa da enzayim. Idan an cire gashi aka tsoma fata a ruwan kashin kaji ko na tattabara don ta saki jiki, aikin enzayim ne. Idan aka daka fatakka aka jiƙa fata a ciki, ƙaron ganyen ne yake cin ragowar nama da tushen gashi, shi ma aikin enzayim ne. Turawa ma da kashin kare suke yi, har sai da wani Bajamushe mai suna Otto Röhm ya fito da garin da ya samo daga wata gaɓa ta cikin dabbobin yanka da Turawa suke kira "pancreas" a wajajen 1907, ya raba majemansu da wannan ƙazanta.

Shi kuma dattijon da ya ce bagaruwa ce da toka kawai, bai faɗi duka ba. Na san a kwatarniyar farko akwai ragowar kabaid da ake karɓowa wurin masu walda, don ya fi toka saurin zubar da gashi. Akwai gishirin da aka barbaɗe fatun da shi tun daga inda aka saro su. Abin da kakanninsu suka yi da fata goma a mako, yau ana yi da ɗari bayan Sallah, a unguwar da da can bayan gari ce, yanzu kuwa gidaje sun kewaye ta, kowane da rijiyarsa. Sana'ar ta gado ce, gaskiya ne, amma yawan ruwan da maƙwabtan ba na gado ba ne.

Inda nake ganin enzayim zai ci

A manyan masana'antun fata ana cire gashi ne da farar ƙasa da wani sinadari mai suna sodiyam salfaid. Shi salfaid narkar da gashin yake yi ya zama kunu, kunun nan kuma ya bi ruwa. Wannan matakin na farko, kafin a kai ga jimar kanta, shi ne yake fitar da mafi yawan dauɗar da ke cikin ruwan masana'antar fata. Idan kuma ruwan salfaid ya gamu da ruwa mai tsami sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa a cikin rami ko kwata take kashe mutum nan take. Duk wanda ya taɓa bi ta Challawa ko Sharaɗa a Kano da rani ya san warin da nake nufi, kuma manoman da ke ban-ruwa a ƙasan waɗannan unguwanni sun fi kowa sani.

Enzayim kuwa tushen gashin yake sassautawa, gashin ya fita da jikinsa. Ana iya tace shi da rariya a tara a gefe ya zama taki, maimakon ya narke a ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake son a gwada. Ga shi kuma ɗan kaɗan ake sawa. Idan ya maye gurbin kashin kaji, majemi ya huta da tsoma hannu cikin ruwan da babu wanda ya san irin ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Ina faɗin wannan tun yanzu domin jihohi irin namu kullum ana maganar kawo masana'antar fata, ganin cewa fatar jar akuyarmu tana cikin waɗanda duniya ta fi so. Tun zamanin ayari ake kai ta Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, ita da gyaɗa da auduga ne kayan da jirgi yake kwasa. Ranar da masana'antar za ta zo, gara ta tarar muna da ma'auni a hannu, kada mu maimaita abin da kogin Challawa ya gani.

Inda ba zai yi komai ba

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Enzayim ba ya jeme fata. Yana taimakawa ne wurin jiƙo da cire gashi da laushi. Bayan nan dole a koma ga bagaruwa, ko kuma ga gishirin wani ƙarfe mai suna kurom, wanda da shi ake jeme sama da kashi 80 cikin ɗari na fatun duniya. Masana'antar da ta rubuta "muna aiki da enzayim" a allonta tana iya zubar da kurom a kwata kamar kowace.

Ba ya kuma taɓa gishirin da aka adana fata da shi. Gishirin nan yana narkewa a ruwan jiƙon farko ya shiga ƙasa, kuma babu ƙwayar halittar da take cinye gishiri. Gonar da ya taru a cikinta sai ta fara fari-fari, shuka ta tsumbure.

Ita ma bagaruwa, da nake ƙauna don 'ya'yanta ake tsinta ba a sare itacen, ruwanta ba ruwan sha ba ne. Baƙi ne wuluk, mai kauri, kuma yana daɗewa bai narke ba idan ya shiga tafki.

Sannan akwai zafi. Enzayim abu ne mai lalacewa. Wanda aka gwada a ɗakin bincike mai sanyi ba shi ne wanda ya kwana wata uku a shago mai rufin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafin Gusau yake haura 40. In ya yi rauni majemi zai ninka awo, ko ya ƙara masa kabaid a ɓoye don kada aiki ya tsaya, sai a tashi da ɓarna biyu a kwatarniya ɗaya. In kuma ya yi ƙarfi aka bar fata ta wuce lokaci, sai ya ci fuskarta, baduku ya ƙi saye.

Ƙurarsa ma ba abin wasa ba ce. A ƙarshen shekarun 1960 ma'aikatan kamfanonin garin sabulu a Ingila sun kamu da asma saboda shaƙar garin enzayim, abin da ya sa aka koma dunƙule shi ƙwaya ƙwaya ana lulluɓewa. Wanda na gani a jakar nan gari ne laushi, kuma na ga majemi ya kai shi hanci yana shinshinawa. Ka ƙaddara yaron gida ne yake zuba shi da hannu cikin iskar hunturu.

To me za a auna?

Tambayar farko ba "wanne ya fi tsabta" ba ce, a'a, "a kan me ake lissafi". Amsata ita ce a kan fata ɗaya da aka gama jemewa kuma baduku ya karɓa ya biya. Ba a kan kwatarniya ba, ba a kan rana ba. Domin idan wata hanya tana rage dauɗar ruwa amma tana lalata fata biyu cikin goma, to ruwa da gishiri da wahalar waɗannan biyun sun hau kan takwas ɗin da suka rage. Mace mai surfe ta san wannan lissafi: ba ta tambayar turmi nawa ta daka, tsaba nawa ta samu take dubawa, da dusa nawa ta fita. Wani masani mai suna Roger Sheldon ya kawo irin wannan ma'auni ga masana'antun sinadarai a farkon shekarun 1990, wato kilo nawa na shara ake fitarwa kafin a sami kilo ɗaya na kaya. A harkar fata amsar tana da nauyi, don daga tan ɗaya na ɗanyar fata abin da yake zama kirgi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

Bayan nan sai a ƙirga ruwa. Jarka nawa ta shiga tun daga jiƙo har zuwa ɗauraya ta ƙarshe. Wannan ba ya buƙatar digiri, alli da bango sun isa.

Sai kaifin ruwan, wato ko ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Akwai 'yar takarda da ake tsomawa ta canza launi, irin wadda muke amfani da ita a aji. Ruwan kabaid yakan kai 12 a ma'aunin da 7 ne tsaka-tsaki, shi ya sa hannun majema yake tsattsagewa.

Sai wanda ya fi muhimmanci kuma ya fi wuyar gani, wato yawan iskar da dauɗar take cinyewa. Kifi yana numfashi ne da iskar da ta narke a ruwa. Idan aka zuba ruwa mai nama da kitse da narkakken gashi a rafi, ƙwayoyin halitta sukan taru su ci, a wurin cin nan kuma su shanye iskar, kifi ya taso sama yana haki ya mutu alhali babu wata guba da ta taɓa shi. Ana auna wannan ne ta hanyar rufe ruwan a kwalba kwana biyar a sanyin digiri 20, a ga iskar da ta ragu. A nan ne kalmar "na halitta" take faɗuwa warwas, don romon nama ma na halitta ne, amma tanka guda a tafki ya isa ya kashe kifin ciki.

Sai salfaid, da kurom inda ake amfani da shi, da gishiri. Sannan a bar kwata a je rijiya: wadda ke sama da majema da wadda ke ƙasa da ita, da rani sau ɗaya, da damina sau ɗaya.

Akwai kuma lissafin da ya wuce bakin kwata, wanda ƙa'idar duniya mai lamba ISO 14040 ta tsara, inda ake bin abu tun daga haihuwarsa har kabarinsa. Garin enzayim sai da aka noma masara ko rake aka yi sukari, aka ƙona wuta a tanki, aka ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Legas, babbar mota ta kawo shi Arewa. Gaskiya ita ce tun da kaɗan ake sawa, wannan nauyin ba lallai ya yi yawa a kan kowace fata ba. Amma fatakka a bayan gari take fitowa ba da kuɗin waje ba, kuma babu wanda zai ce mini wacce ta fi har sai an ɗora su a sikeli ɗaya.

"Ai kamfani ya riga ya gwada"

Ban ce ƙarya suka yi ba. Manyan masu yin enzayim, irin na Denmak, suna da ɗakunan bincike na gaske. Amma me suka kwatanta? Masana'antar da ke juya fatar shanu a ganga da injin, mai zafi tsayayye, mai wurin tace ruwa kafin a sake shi, suka kwatanta ta da wata irinta mai aiki da salfaid. Kawu ba shi da ganga, ba shi da salfaid, ba shi da wurin tacewa. Abin da zai bari shi ne toka da kabaid da kashin kaji. Sakamakon can amsar wata tambaya ce daban. Kuma ko ba haka ba, mai kaya ba ya zama shaidar kayansa.

"Ana fama da tsaro da yunwa, kai kana maganar ruwan kwata"

Wannan ita ce wadda ta fi yi mini nauyi, don ni ma ina bin hanyar Gusau zuwa Ƙaura da addu'a a baki. Amma rashin tsaron ne ya turo mutanen ƙauye cikin gari, suka yi gini a inda babu famfo, suna shan rijiyar da ta fi kusa. Yaron da ya tsere wa bindiga bai kamata ya zo ya gamu da ciwon ciki a bakin rijiya ba. Kuma abin da nake nema ba ya cin kasafin tsaro. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura kanta, ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga cibiyar binciken fata ta ƙasa a Zariya. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai kafin su gama. Ga bincike nan a bayan katangarsu.

"In aka auna, rufe mu za a yi"

Da na koma na yi wa kawu wannan magana, ga abin da ya ce: "Malam, kai dai ka san takarda. Ran da anka rubuta ruwanmu na da lahani, gobe mai rasit ya iso, jibi a ce mu tashi." Ban iya ce masa tsoronsa banza ne ba. Talaka ya saba ganin awo yana zuwa tare da tara.

Shi ya sa nake cewa awon farko ya zama na majema ne, ba a kansu ba. Ƙungiyarsu ta riƙe sakamakon, a karanta musu da Hausa a majalisarsu kafin kowa ya gani. Dokar da hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar a 2009 kan ruwan masana'antun tufafi da fata tana nan, kuma daidai ne a matsa wa mai injin da jari ya bi ta. Amma mai kwatarniya huɗu ba a fara masa da sammaci. A ƙauyukan dalma ma cikin abubuwan da suka rage mutuwa akwai fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, da jiƙa shi kafin a niƙa, da wanke jiki kafin a ɗauki yaro. Sana'ar da aka kora ba ta mutuwa, ɓuya take yi, ta koma ƙuryar gida inda mata da yara suke.

Kuma lambar da majemi yake tsoro ita ce za ta iya zama garkuwarsa. In ya tabbata cewa rariya ɗaya da rami biyu na kwantar da laka sun rage dauɗar sosai, to yana da abin da zai nuna wa maƙwabcin da ya kai ƙara wurin mai unguwa. In kuma ya tabbata fatarsa ta bagaruwa ba ta da kurom, wannan abin talla ne ga masu saye daga waje, waɗanda suke biyan ƙari a kan irin wannan fata.

Kawu bai ce ya gamsu ba, amma ya yarda da abu ɗaya. Idan fatun awaki suka sake taruwa zai ware talatin ya raba uku: goma da toka da kabaid kamar yadda ya saba, goma da garin yaron nan, goma da toka zalla da fatakka irin na mahaifinsa. Ni zan ƙirga jarkoki, in tsoma takardar gwaji safe da yamma, in auna gashin da rariya ta tare, sannan mu kai fatun wurin baduku ba tare da an gaya masa wacce ce wacce ba, ya zaɓa ya yi musu kuɗi. Gwajin iska da na salfaid ne ba ni da kayansu, kuma ruwan ba ya jira, dole ya isa ɗakin gwaji cikin ƙanƙara kafin kwana ɗaya ya cika. Idan akwai malami ko ɗalibi a Ƙaura ko Gusau da zai iya karɓar kwalba tara a rana ɗaya, ina neman sa kafin kawu ya jiƙa fatun.